Littafin Yunanawa na Malamin Dabbobi

Samarin da suke zama a bencin gaban shagona da yamma sun sha gaya mini cewa na dace da sana'a. Wai ba na ɗaukar kaya, ba na shan rana. Mutum ya zo ya faɗi sunan littafi, in miƙa hannu in ɗauko masa. Ɗaya daga cikinsu har cewa ya yi in ya gama aikin gwamnati shi ma shago zai buɗe ya huta. To ku matso kusa, ku ji yadda hutun yake.

Aikin farko da aka ba ni a rumfar maigidana, Alhaji Ɗan'asabe, a birnin Kano, shi ne jera takardu. Littattafan Larabci na wancan zamani yawancinsu ba a ɗinke suke ba, takarda-takarda ne a cikin tadarishin fata. In iska ta ɗebe su, ko wani ya zo ya bubbuɗa ya cakuɗa, ni ne mai mayar da kowace inda take. A ƙasan kowace takarda akwai kalma guda da marubucin ya ajiye, ita ce kalmar farko ta takardar da ke biye. Da ita ake bin sawu. Sai da idona ya saba da wannan sannan Alhaji ya yarda na tsaya gaban mai saye. Ranar kuwa abin da ya koya mini bai wuce tambaya ba. Mutum zai ce a ba shi littafi kaza, Alhaji ya ce, "Wa kake karatu a wurinsa? Me ka sauke kafin wannan?" Wani in ya amsa sai a ba shi mai sharhi a gefe, wani a ba shi marar sharhi, wani kuma a ce masa ya je ya dawo baɗi. Sunan littafin ɗaya ne, masu ɗaukarsa ne suka bambanta.

Na taɓa elementare, na ƙara da ajin yamma na manya, saboda haka ina iya karanta Turanci daidai gwargwado. Shi ya sa da Alhaji ya sallame ni a farkon shekarun alif ɗari tara da hamsin, ya ce in tafi Wudil. Akwai makarantar horon malamai, akwai ma'aikata, ga kasuwar Juma'a da take tara mutane daga ko'ina. Na kama wani ɗan soro a kan hanyar zuwa kara, wato kasuwar shanu, na raba shi biyu: dama na Larabci da ajami, hagu na boko.

Kayan aikina ba su da yawa. Basilla da zare mai kauri don ɗinki, ƙaro da nake jiƙawa don liƙi, almakashi, akwatunan ƙarfe, sai keke. Ƙafafun teburina kowacce a cikin gwangwanin kananzir take tsaye, saboda gara. Gara ita ce abokiyar gabar mai littafi ta farko. Tana iya cinye cikin littafi tas ta bar maka bango lafiya lau, sai ka ɗauka ka ji shi fayau. Tsakanin littattafan ina sa busasshen ganyen darbejiya. Sai kuma kundin da masu buga littattafai suke aiko mini daga Ingila, mai sunayen abin da suka buga. Daga ciki nake zaɓa in aika ta gidan waya, kaya su biyo jirgin ruwa, su hau jirgin ƙasa zuwa Kano, in je in ɗauko. In ka aika da kaka, kana sa ran ganinsu wajen bazara.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Malam Haladu malamin dabbobi ya jingine kekensa ya shigo. Dogon mutum ne mai sanyin magana, shi ke yi wa shanu allura a kara da rugage. Kullum hannunsa na ƙanshin magani. Ya daɗe yana sayen littattafan lissafi da na Turanci a wurina, don yana karatu ta gidan waya, yana shirin wata jarrabawa ta Ingila da ake zuwa Kano a zauna. Muka gaisa, na tambayi iyali da gajiya, sannan ya ce:

"Malam Ado, darasi ɗaya ya rage mini, shi ne na hikimar mutanen Yunan na dā. Sun faɗi sunan littafin da za a karanta, amma ba su faɗi na wane mai fassara ba."

Na buɗe kundin. Sunan littafin ya fito a wuri uku, kowanne da sunan Baturen da ya juya shi daga Yunananci zuwa Turanci.

Ya ce, "Aika da kowanne. Ai magana ɗaya ce."

Na ce, "Malam Haladu, in na aika ya zo bai yi maka ba, kafin wani ya iso lokacin jarrabawa ya wuce, ka rasa shekara. Ka ba ni lokaci in sa su a idona tukuna."

Nan ne wani ɓangaren sana'ar da ba a gani daga benci. Mai littafi dole ya san inda kowane littafi yake kwana a ƙasarsa, ko da ba nasa ba ne. Na hau mota zuwa Kano na sami na farko a wani kantin littattafan Turanci: ƙarami, mai bangon takarda, sabuwar fassara, yana shiga aljihun riga. Na biyu wani abokina akawu ya aro mini daga ɗakin karatu: siriri, an taƙaita shi don 'yan makaranta. Na uku a nan Wudil yake, wurin wani Bature mai koyarwa a makarantar horon malamai. Na je na gaishe shi na faɗi buƙatata. Ya yi mamaki, ya yi murna, ya ɗauko mini wani ƙaton littafi mai baƙin bango, tsohuwar fassara, rabin kowane shafi ƙananan rubutu ne a ƙasa. Ya ce in riƙe har mu gama dubawa.

Na jera su a tebur ina jiran Juma'a. Ashe abin da zai jawo magana na bari a fili. A bangon ƙaramin akwai hoton kan mutum da aka sassaƙa da dutse, mai gemu, idanunsa farare. Wani ya shigo sayen littafin fiƙihu ya gani. Kafin Juma'a ta zagayo, zance ya bazu cewa Ado mai littafi ya kawo littafin gumaka, kuma surukin Malam Buhari na Utai zai saya. Masu zuwa ɓangaren dama na shagon suka ɗauke ƙafa. Wanda ya saba tsayawa mu yi hira sai ya ɗaga hannu daga nesa ya wuce.

Malam Buhari kuwa ba ƙaramin malami ba ne. Shi ne mahaifin Hajara, matar Malam Haladu. Malaman da suke saye a wurina, da yawansu a gabansa suka durƙusa. Da ya buɗe baki ya ce kada a sayi littafi wurin Ado, da sai in ɗaure akwatunana in koma Kano. Sai ga saƙo ya ce yana son ganina da surukinsa, kuma in taho da littafin.

Muka hau kekuna da sassafe, na ɗaure duka ukun a bayan nawa. Muka tarar da Malam a zaure ya sallami masu ɗaukar karatu, yana zaune a kan buzu, tsoho ƙanƙani mai kaifin ido. Muka cire takalma muka durƙusa. Ya tambayi gida, ya tambayi kasuwa, ya tambayi Alhaji Ɗan'asabe, ashe sun san juna. Malam Haladu ya raɓe can bakin ƙofa, kansa a sunkuye kamar yadda suruki yake yi.

"Ina gunkin?" in ji Malam.

Na miƙa masa ƙaramin da hannu biyu. Ya ɗaga shi wajen haske ya daɗe yana kallo.

"Wannan shi ne mai littafin?"

"Allah ya gafarta Malam, haka suka ce."

"Ya sha tunani, ga goshi nan. Ka liƙe masa takarda a fuska, mutane su huta, shi ma ya huta." Ya ajiye. "Ba don hoto na kira ku ba. Na fi shekara talatin ina karantar da mantiƙi, ilimin auna hujja. Malamanmu sun gaya mana asalinsa daga Yunanawa Larabawa suka ɗauko, suka tace, suka riƙe abin da ya dace. Ban taɓa jin tsoron Bayunane ba, ya mutu tun kafin kakannin kakanninmu. Wanda nake tsoro shi ne mutumin da ya tsaya tsakaninsa da yaron nan. Shi ne zai iya sa masa magana a baki."

Na ce, "Ai su uku ne, Malam." Na kwance sauran.

Fuskarsa ta saki. Ya ce, "Madalla. Shaidu uku. Malam Haladu, matso. A nemo wuri ɗaya a cikin kowanne, ka karanta, ka juya mini da Hausa. Kada ka gyara wa kowa magana."

Nemo wuri ɗaya aikina ne. Babban yana da ƙananan lambobi a gefen shafi, ƙaramin ma yana da su, da su na daidaita. Siririn ba shi da ko ɗaya, sai da na bi shi layi-layi. Littafin na muhawara ne, wani ya faɗi magana wani ya ja da shi.

Muka fara da siririn. Malam Haladu ya karanta, ya juya. Magana ta fito a miƙe, gajera, kamar nasiha. Malam ya gyaɗa kai. Aka koma ƙaramin. Turancinsa mai daɗi ne, kamar mutum na hira da kai a inuwa, Malam Haladu har muryarsa ta warware. Bai yi nisa ba Malam ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Wa ya yi wannan maganar ta ƙarshe?"

"Abokin gardamarsa ne, Baba."

"A na farkon ban ji shi ba."

Na duba na ce, "Sun cire shi, Malam. Sun bar amsa kawai."

"To mayar da shi inda ka aro. Amsar da aka raba ta da tambayarta ba ta koya wa kowa auna hujja. Wanda ya karanta wannan zai haddace, ranar da aka ja da shi ya tsaya yana kallon ƙasa."

Saura biyu. Babban ya ba Malam Haladu wuya. Jimla ɗaya sai ta yi layi biyar, ga tsoffin kalmomi. Ya yi ta tuntuɓe, gumi ya keto masa. A tsakiyar shafi ya tsaya ya ce akwai kalmar da suka saɓa. Mai ƙaramin ya sa kalmar Turanci da take nufin kyawun hali. Mai babban ya sa wadda take nufin ƙwarewa, sannan ya sa alama ya sauka ƙasa ya yi bayani.

"Karanta bayanin," in ji Malam.

Ya karanta ya juya: mai fassarar yana cewa kalmar Yunananci a nan ana faɗinta a kan mutum, ana faɗinta a kan doki, har a kan wuƙa. Ya ce Turanci ba shi da kalma ɗaya da za ta ɗauke ta, ya zaɓi wannan ne ala tilas, kuma yana iya yiwuwa bai dace ba.

Malam ya dubi surukinsa. "Kai da kake yini cikin shanu. In ka ga sa mai ƙira, mai lafiya, mai jan garma, me kake ce masa?"

"Nagari, Baba."

"Mutum mai amana fa?"

Malam Haladu ya ɗago kai, karo na farko tun da muka shigo. "Nagari."

"Nagarta ke nan. Abin da Bature ya nema a harshensa ya rasa, ga shi a bakinka kana kiran shanu da shi." Ya dafa baƙin littafin. "Wannan mutum na yarda da shi. Ya zo inda bai sani ba, ya ce bai sani ba. Wancan mai daɗin bakin ya zo wuri ɗaya ya tsallake, bai ko yi tari ba. Babban za a saya."

Malam Haladu ya ce to. Me zai ce? Amma ni na ga gumin, kuma na san aikinsa. Yin shiru a nan ha'inci ne a sana'a, ko da a gaban wa ake. Na gyara durƙuso na ce:

"Allah ya gafarta Malam, a ba ni izini. Malam ya auna masu fassara, ni kuma mai karatun nake aunawa. Malam Haladu rabin wata a daji yake, a kan keke, da akwatin allura. Wannan babban ba zai bi shi ruga ba, a gida zai zauna. In ma ya bi shi, shafi ɗaya zai cinye masa yini. Littafin da ba a karanta ba, duk gaskiyar mai fassararsa, ba ya amfanar kowa. Ƙaramin zai karance shi daga farko har ƙarshe, ya san inda maganar ta taso da inda ta dosa."

"Ya san ta a karkace?"

"Shi ya sa nake roƙon babban ya zauna a nan zauren. Ya karanta nasa a daji, inda ya yi shakka ya sa alama. In ya dawo ya zo a buɗe babban a gaban Malam."

Tsohon ya daɗe yana kallona. Can ya yi dariya ya ce, "Ɗan'asabe ya iya tarbiyya. Ka zo sayar da ɗaya, za ka sayar da biyu."

Haka aka yi. Na liƙe fuskar mai gemu da farar takarda, na ƙara wa ƙaramin bango na fata don ya jure aljihu. Na aika a kawo babban, Baturen kuma ya yarda nasa ya zauna a Utai har namu ya iso. Juma'ar da ta biyo baya Malam Buhari da kansa ya hau jaki ya zo kasuwa, ya zauna a shagona ana kallo, ya sayi tawada da takarda. Bai yi wa kowa bayani ba. Masu ɗaga hannu daga nesa suka dawo suna tsayawa hira.

Shekarar da ta biyo ita ce mafi muni da na gani a sana'ar nan. Ciwo ya shiga shanu, kara ta yi fayau, kuma a Wudil in kara ta yi sanyi kowa ya ji a jikinsa. Sai ka yini ba wanda ya tambayi ko fensir. Damina kuma ta zo da ƙarfi. Wani ruwa da aka wuni ana yi ya jiƙa rufin sorona, azara ta karye, ƙasa ta rufto a ɓangaren hagu. Abin da yake cikin akwatunan ƙarfe ya tsira, na kan tebur ya zama taɓo. Na yi makonni ina ɓamɓare shafi daga shafi da bakin wuƙa, ina shanyawa a inuwa, don rana tana nannaɗe takarda. Waɗanda suka bushe na danne su da dutsen niƙa, na ɗinke. Da yawa ba su tashi ba. Da keke na rayu a shekarar, ina ɗaure akwati ina bin Darki da Acika da ƙananan kasuwanni, ina sayar da ƙananan littattafan addini, ina ɗinke wa mutane tsofaffin nasu.

Shi kuwa Malam Haladu tun farkon ciwon aka tura shi daji, ruga zuwa ruga. Lokacin jarrabawa ya zo ya wuce yana can. Da ya dawo ya rame, ya yi baƙi. Ya zaro ƙaramin daga aljihu ya ajiye mini a tebur. Ya kumbura ya ninka kaurinsa, ɗinkin ya saki, yana warin shanu da magani. Gefen kowane shafi cike da alamun fensir.

Ya ce, "Za a iya ceto shi, ko in sayi sabo?"

Na juya shi na ce, "Sabo ba shi da alamunka."

Na warware shi gaba ɗaya, na jera, na ɗinke da zare biyu. Da shi ya riƙa zuwa Utai duk ranar da ya sami sarari, su buɗe babban, wanda namu ne yanzu, na Bature ya koma wurin mai shi. Wani lokaci nakan bi shi in na kai wa Malam saƙo. Suruki da suruki, waɗanda a da gaisuwa kawai take haɗa su, sai ka ji su suna ja-in-ja a kan kalma ɗaya har a kira azahar. Hajara takan aiko da fura daga cikin gida, ta ce a gaya musu Bayunanen ba zai gudu ba.

Da shekara ta zagayo ya zauna jarrabawar, ya ci. Ya zo shago ya gaya mini a tsaye, kamar yana ba da labarin wani. Na yi masa barka. Na ɗauka ciniki ya ƙare, sai ya ce:

"Malam Ado, duba kundinka. Akwai littafin koyon Yunanancin kansa? Na masu farawa."

"Jarrabawa kuma?"

"A'a. A kara na ga yadda ake yi. Mai sa yana gefe, mai saye yana gefe, dillali yana kai da kawowa, kowa abin da dillali ya gaya masa ya sani. Dillalan nan biyu mutanen kirki ne, amma ina so ko sau ɗaya in ji daga bakin mai kayan."

Na samu a can ƙarshen kundin, na aika. Da ya iso na buɗe, ban gane ko baƙi ɗaya ba. Wasu kamar na boko, wasu kamar ƙugiya, wasu kamar an zana ƙofar ɗaki. Muka ɗauka muka tafi Utai tare, don Malam ya ce kada a fara sai da shi. A lokacin idonsa ya soma rauni, ba ya ganin ƙananan rubutu. Ya shafa shafin farko da tafin hannu ya ce:

"Baƙaƙensu ne a jere?"

"Su ne, Baba. An rubuta sunan kowanne da Turanci a gefe."

"Faɗi na farko."

"Alfa."

"Na biyu."

"Bita."

Malam ya ɗan karkato kunne. "Ci gaba."

"Gama. Dalta."

Tsohon ya ɗaga yatsu yana lanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi. "Alif. Ba. Jim, mutanen Masar ma gim suke cewa, na ji su a hanyar Makka. Dal." Ya buga cinyarsa. "Abajada! Wallahi abajada ce, tsohon jerin baƙaƙen Larabci! Ashe tun ina yaro nake kan hanyar gidan mutumin nan ban sani ba."

Ya yi dariya har sai da ya share ido da bakin rawaninsa. Sannan ya tashi daga kan buzun da yake karantarwa, ya jawo shi gefe, ya zauna a tabarma kusa da surukinsa, gwiwa da gwiwa. Malam Haladu ya zabura zai matsa, ya riƙe masa hannun riga.

"Zauna, Malam," in ji shi. "Biya mini na biyar."